Hannu Kafin Alƙalami: Wasa da Koyon Yara Ƙanana a Ƙasar Kankiya



Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, domin magana ce a kan yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba, watau 'yan shekara uku zuwa biyar, da irin abin da ya kamata su wuni suna yi. Na sani ba za a rasa wanda zai ce, me ya kawo langa da carafke zauren jami'a ba. Abin da nake so in nuna shi ne, hannun yaro da ƙafarsa da idonsa su ake fara koya wa karatu tun kafin a miƙa masa alƙalami, kuma kayan wannan aiki suna nan zube a ƙauyukanmu, ba mu ɗauka ba. Don kada maganar ta tsaya a sama, zan riƙa auna ta da Kunduru, wani garin manoma a Ƙaramar Hukumar Kankiya, da maƙwabtansa irin su Gyaza da Rimaye da Kafin Soli, har zuwa ƙasar Kusada. Duk abin da ba zai yiwu a irin waɗannan garuruwa ba, to, bai amfani yawancin 'ya'yan Jihar Katsina ba.

Bari mu fara da abin da hukuma ta rubuta. Shekara guda bayan ƙaddamar da shirin UPE na 1976, Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. A cikinta an keɓe sashe musamman don ilmin share fagen firamare, aka ce babbar hanyar koyarwa a wannan mataki ita ce wasa, harshen koyarwa kuwa harshen uwa ko na jama'ar da yaro ke zaune cikinsu. Magana ta yi kyau. Amma fa gwamnati ba ta ɗauki nauyin buɗe irin waɗannan makarantu ba, ta bar wa masu zaman kansu. Sakamakon haka makarantun nazire suka zama na 'ya'yan ma'aikata da attajirai a Kano da Kaduna da Zariya da birnin Katsina, yaron ƙauye kuwa ko labari bai ji ba. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta shigar da renon yara ƙanana cikin ilmin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi. A bugun Manufar Ilmi na 2013 ne aka tanadi shekara guda ta share fage ga 'yan shekara biyar a makarantun firamare na gwamnati, malami ɗaya ga yara 25. Wannan shi ne ajin da mutanenmu ke kira rabin aji.

To, me ake yi a rabin aji? Wanda duk ya taɓa leƙawa ya san amsa. Yara ne tsugune a ƙasa, ninki biyu ko uku na abin da takarda ta ce, malama tana tsaye da tsumagiya tana nuna baƙaƙen Turanci a allon bango, suna amsawa da ƙarfi har a ji su a bakin hanya. In an gaji da wannan sai a ce kowa ya fito da fensir ya rubuta ɗaya zuwa ashirin. Watau an ɗauko aji ɗaya ne aka rage masa tsawo. Wasan da Manufar Ilmi ta ce shi ne babbar hanya, ba a ganinsa sai an kaɗa ƙararrawar tara.

A nan ne nake so mu tsaya mu dubi hannun yaro, don kuskuren daga rashin saninsa ya taso. A wuyan hannun babba akwai ƙananan ƙasusuwa takwas. Jariri kuwa da guringuntsi ake haihuwarsa a wannan wuri, ƙasusuwan suna ƙosawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ba ya ƙosawa sai yaro ya doshi shekara goma. Bugu da ƙari, iko da gaɓoɓi daga tsakiyar jiki yake farawa ya yi waje: yaro yakan mallaki kafaɗarsa kafin gwiwar hannu, gwiwar hannu kafin wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Shi ya sa ɗan shekara biyu yake dunƙule gawayi a tafinsa ya ja layi da dukkan dantse. Riƙon alƙalami da yatsu uku, yadda yatsun kaɗai za su riƙa juya shi, galibi ba ya zaunawa sai tsakanin shekara huɗu da rabi zuwa shida. Masu nazarin girman yara sun daɗe da lura cewa yaro yakan iya kwaikwayon zanen da'ira a wajen shekara uku, gicciyen layi biyu a shekara huɗu, mai kusurwa huɗu bayan wannan, mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara biyar. Yanzu ku dubi baƙin A, wanda da shi muke farawa. Layi biyu ne a karkace sun haɗa kai, watau ɗan'uwan mai kusurwa uku ne. Ashe ke nan abin da muke fara tilasta wa ɗan shekara uku yana cikin mafi wuya gare shi. In ya kāsa sai a ce daƙiƙi ne, alhali kuwa ƙashinsa ne bai ƙosa ba. Abin da yakan koya daga wannan gwagwarmaya shi ne mugun riƙon fensir da zai daɗe bai rabu da shi ba, da kuma tsoron makaranta.

Abin mamaki, malamanmu na allo sun riga mu gane wannan. Ƙolo, in an kai shi makaranta, ba a ba shi alƙalami. Da ka yake fara ɗaukar karatu. Sa'an nan malam ko wani gardi ya rubuta masa babbaƙu a allo, shi kuwa ya riƙa bin su da ɗan yatsa yana faɗin sunayensu, daga baya a kai shi farfaru. Sunayen baƙaƙen ma da siffarsu aka raɗa su, irin su lam-jaye da mim-jaye da ta-kuri, don ido ya kama abin da baki ke faɗi. Kafin ya fara rubuta allonsa da kansa, ya daɗe yana wanke allo, yana ɗauke da shi, yana kallon yadda ake feƙe alƙalamin gamba da dama tawada. Ban ce kome na makarantar allo abin koyi ne ba, bulalarta dai ba ma bukata. Amma wannan tsari na kunne, sa'an nan ido da yatsa, sa'an nan alƙalami, daidai yake da yadda Allah ya tsara girman yaro.

Haka kuma wasannin dandali. Ɗauki carafke. Yarinya za ta cilla tsakuwa sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe ta saman kafin ta faɗi, tana ƙara yawan abin da take kwasa daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku. A wasa guda an haɗa mata saurin yatsu da haɗin kan ido da hannu da ƙidaya da jiran layi. A 'yar gala-gala ana zana ɗakuna a ƙasa, a jefa katanga cikin ɗakin da ake nufi, a bi da tsalle a ƙafa ɗaya ba tare da an taka layi ba, kuma tsalle a ƙafa ɗaya abu ne da yaro yake fara iyawa a wajen shekara huɗu. Langa ta manyan yara ce, amma ƙanana suna gefe suna gwadawa suna faɗuwa. Ga gare, ga lilo, ga dokin kara, ga tuwon ƙasa, ga shanun yumɓu da yara maza ke ginawa a bakin kududdufi bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya taɓa kallon ɗan shekara shida yana ɓare sillen kara yana soka ɓawon cikin farin cikinsa don ya haɗa mota ko tabarau, ya ga aikin yatsu da babu wani littafin rubutu da zai koyar.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa dandali yana nan yadda muka san shi. A sassa da yawa na Jihar Katsina rashin tsaro ya sa iyaye ba sa barin yara a waje da dare, ko da farin wata. Wayar hannu kuma ta shiga ƙauye, ta zama abin rarrashin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, 60 daga ciki mai sa haki, zaman kallon waya ko talabijin kuwa kada ya wuce sa'a guda. Abin da dandali ya saki, wajibi ne rabin aji ya cafe.

Turawan da ake jingina wa ilmin yara ƙanana ba wani sihiri suka zo da shi ba. Friedrich Froebel, Bajamushe, ya buɗe makarantarsa a garin Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya raɗa mata suna da ke nufin lambun yara. Kayan aikinsa ƙwallayen ulu ne da guntayen katako da yumɓu da ɗan fili inda kowane yaro zai yi shuka. Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe nata gidan yaran a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Abin da ta sa yara yi shi ne zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, ɗaura igiya, sa maɓalli, shara, da bin siffar baƙaƙe masu kaushi da ɗan yatsa kafin a rubuta su. Ku lura, kusan duk wannan ana yinsa a tsakar gida a Kunduru, na ƙarshen kuwa a makarantar allo. Abin da suka fi mu da shi tsari ne: sun san dalilin kowane aiki, sun san wanda ya kamata ya riga wani, suna kuma lura da kowane yaro.

Wannan ya kawo mu ga batun jigo. A makarantun nazire akan tsara ayyukan mako ko wata a kan jigo guda, alal misali dabbobi ko ruwa ko iyali, yadda waƙa da zane da ƙidaya da tsalle-tsalle duk za su koma kan abu ɗaya. Dabara ce mai kyau, don yaro ƙarami ba ya raba ilmi darasi-darasi kamar yadda muke yi a jadawali. Inda ake ɓata ta shi ne a kwaso jigon daga littafin wata ƙasa. Na ga littattafan da ke sa yaranmu su shafa launi a hoton dusar ƙanƙara da tuffa da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Yaron ƙasar Kankiya yana da nasa jadawalin, wanda gari duka ke bi, watau bazara da damina da kaka da rani. Kuma an yi dace, zangunan karatu uku sun hau kansa daidai. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, kaka ce. Na biyu hunturu ne da rani, lokacin gini da jinka da saƙa da cin kasuwa. Na uku ya kama bazara da faɗuwar damina.

Bari in ɗauki mako guda a zangon farko, jigonsa gero, in nuna yadda zai kasance. Ran Litinin kowane yaro ya zo da zangarniya ɗaya daga gida. A zauna a da'ira, a shafa, a sansana, a jera su daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, malama tana jawo kalmomi daga bakin yara: dogo, gajere, kauri, siriri, ƙaiƙayi. Wannan lissafi ne da harshe, ko da ba a kira su da sunan ba. Ran Talata a murje zangarniyar da tafin hannu a kan faifai, sa'an nan a fita waje a gwada sheƙa da ƙananan ƙore, yara su ga da idonsu abin da iska ke ɗauka da abin da take bari, a tambaye su dalili. Ran Laraba a gauraya tsabar da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya, kowa ya tsince da babban yatsa da manuni. Waɗannan yatsu biyu, da na tsakiya da ke tallafa musu, su ne za su riƙe alƙalami baɗi. Ran Alhamis aikin kara: a karya, a jera, a gina rumbu da yumɓu a yi masa jinka, a ƙirga dami nawa zai ci. Ran Jumma'a a share fili a baza rairayi, kowa ya zana kunyoyin gona da yatsa daga hagu zuwa dama, layi a miƙe, layi a karkace, da'irar bakin rumbu. Ga share fagen rubutu nan, ba a sayi takarda ko ɗaya ba. Kowace rana kuma a buɗe ta da tsalle da guje-guje, a rufe da tatsuniya ko kacici-kacici da ya shafi gona.

Sauran jigogin ba sai na bi su ɗaya-ɗaya ba. Makon kasuwa zai kawo awo da mudu da gwangwani, da kasa kaya kashi-kashi, da ciniki da kuɗin marafan kwalba. Da faɗuwar ruwa kowane yaro ya shuka wake a gwangwaninsa, ya riƙa ba shi ruwa yana auna tsawonsa da tsinke.

Akwai abubuwa biyu da malama za ta kiyaye. Ɗan shekara uku yakan cusa ƙwayar wake ko tsakuwa a hanci ko kunne, kowane ma'aikacin asibitin karkara ya san wannan, saboda haka ƙananan ƙwayoyi na 'yan huɗu da biyar ne, ƙanana kuwa a ba su ƙwallon goriba ko totuwar masara. Na biyu, a gida mun raba wasa: mata ke da carafke da tsince-tsince, maza ke da gare da hawan bishiya. A aji a gauraya. Yaro namiji yana bukatar aikin yatsu, yarinya tana bukatar gudu da tsalle, don su duka alƙalami ɗaya za su riƙe.

Wani zai ce, ina shaidar cewa wasa da tarkacen gida yana da wani tasiri mai ɗorewa? Shaidar da ta fi dacewa da halinmu daga ƙasar Jamaika ta zo. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 a unguwannin talakawa na birnin Kingston, 'yan wata 9 zuwa 24, dukkansu waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Aka kasa su. Wasu aka ba su ƙarin abinci, wasu kuwa ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sa'a guda kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga robobi da tsummoki. Bayan shekara ashirin aka sake nemo su. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsararrakinsu da ba su tsumbure ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ba wanda zai ce wasa ya maye gurbin abinci, yaro mai yunwa ba ya tsalle. Amma ku lura da wadda ta kai aikin gida-gida a Jamaika: ma'aikaciyar lafiya ce. A garin Kankiya akwai Makarantar Koyon Aikin Lafiya da ke yaye irin waɗannan ma'aikata, waɗanda ke shiga gidajen da sufeton makaranta ba ya shiga. In an ƙara musu wannan a horonsu, za a kai ga yaro shekara uku kafin ya ga ƙofar rabin aji.

Babban cikas, a ganina, daga iyaye zai zo, kuma suna da hujja. Manomin da ya hana kansa taimakon ɗansa ya tura shi makaranta, in yaron ya dawo da yumɓu a riga ya ce yau gero suka sheƙa, dole ya tambaya, to, wannan ai a gida ma ana yi. Yana so ya ga baƙi a takarda. Ba a kawar da wannan da takardar umurni daga Katsina. Sai hedimasta ya zauna da mai gari da liman da iyaye, ya kawo misalin ƙolo da allonsa, wanda kowa ya sani ya kuma yarda da shi, sa'an nan a ƙarshen zango a kira su su ga abin da yaran suka iya. Haka nan dole a bambance musu wasa da aiki. Yarinyar da ta wuni ɗauke da farantin talla ko goyon ƙaninta tana motsa jiki, gaskiya ne, amma ba ita ta zaɓa ba, ba ta da damar ta ɓata ta sāke, kuma wannan damar ita ce ran wasa.

Game da harshe, magana ɗaya zan yi. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar soke manufar harshe ta 2022, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga matakin share fage. Masana suna ta muhawara a kai. Ni dai ban san yadda za a tambayi ɗan shekara huɗu a Gyaza dalilin da ya sa iska ta ɗauki ƙaiƙayi ta bar tsaba da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba, a kuma sa ran ya yi tunani ya ba da amsa.

Ga ma'aikatan ilmi da ke wannan zaure, roƙona ya fi karkata ga abin da kuke dubawa in kun je rangadi, don malami abin da sufeto ke tambaya shi yake koyarwa. In kun tambayi littafin rubutun 'yan rabin aji, za a cika muku shi, ko da malama ce za ta riƙe hannun kowane yaro. Ku tambayi jigon mako. Ku nemi a nuna muku kwandon kara da tulin rairayi da yumɓu. Ku sa yaro ya tsaya a ƙafa ɗaya, ya cafe ƙwallon tsumma, ya zura 'ya'yan kuka a zare, ya ba ku labarin abin da ya gina. Ku kuma daina tura wa rabin aji malamin da aka rasa inda za a kai shi, alhali ajin ya fi kowane bukatar gwani. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina su ke yaye yawancin malaman wannan yanki, a can ya kamata ɗalibi ya koyi feƙe kara da kwaɓa yumɓu da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida. Ku kuwa ɗaliban sashen Hausa da na ilmi, ga aikin kundi a gabanku: ku tafi Kunduru da Kusada ku zauna da tsofaffin mata, ku rubuta wasannin ƙananan yara da suke tunawa, da ƙa'idodin kowanne, da shekarun masu yinsa, da gaɓar da yake motsawa, sa'an nan ku jera su bisa zangunan karatu uku ku miƙa wa Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.